Maye a bakin Bature da a bakin Bahaushe

Wani ɗalibinmu da ke karatu a Manchesta ya aiko da tambaya, ya ce abokin aikinsa Bature ya gaya masa wai jiya shugabansu ya koma gida "pissed", shi kuma a finafinan Amurka ya san kalmar da ma'anar fushi, sai ya tashi da safe ya je yana ba shugaban haƙuri a gaban mutane, kowa ya yi tsit. Ya ce malam ina na yi kuskure?

Toh ɗan'uwa kuskuren ba naka ba ne kai kaɗai, teku ce ta raba kalmar gida biyu. A Amurka in an faɗe ta ran mutum ne ya ɓaci, a Ingila kuwa ya sha ne ya bugu, in suna nufin fushi sai sun ƙara mata "off" a baya. Kuma ko a can ɗin ba kalmar da ake faɗa gaban manya ba ce, asalinta daga fitsari ne, don haka ka bar musu kayansu.

Turanci na da kalmomin maye kamar ƙasa. Tun 1737 wani marubuci Ba'amurke, Binjamin Firankilin, ya tattara sama da 200 ya buga a jaridarsa a Filadelfiya, kuma har yau ba a daina ƙirƙiro sababbi ba. Hawa-hawa suke. "Tipsy" shi ne wanda ta fara taɓa shi, surutu ya ƙaru amma yana kan ƙafarsa. Daga nan sai "hammered" da "smashed", na farko an dake shi da guduma na biyu an farfasa shi, sai "legless" na 'yan Ingila wato ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa, sai "wasted", an yi asararsa ke nan gaba ɗaya. A nan ne nake so mu ɗan tsaya, domin wallahi abin yana burge ni, ku duba Bahaushe me ya ce: ya bugu. Daga buga ne fa. Giya ta buge shi shi kuma ya bugu, kamar yadda ake dafa abinci ya dafu, a gyara mota ta gyaru, wato aikin ya kama shi sosai babu saura. Harsuna biyu da ba su haɗa kaka ba duk sun kalli mashayi sun ga wanda aka lakaɗa wa duka, babu wanda ya ga jarumi. Mu ma muna da namu hawan, ya yi tatil, ya yi mankas, ya yi marisa, samarin yanzu kuma su ce ya cake ko ya yi caji, wannan na ƙarshen aro ne daga cajin batir.

Akwai guda biyu da suka fito daga jirgin ruwa. "Three sheets to the wind" mutane na zaton zanin gado ake nufi, a'a, igiyoyin da ke riƙe filafilan jirgi ne, in uku suka kwance jirgin sai ya riƙa tangaɗi yana layi. Ita kuma "groggy" daga wani kwamandan sojan ruwan Ingila ne, Edward Vernon, da a 1740 ya ba da umarni a riƙa sirka wa sojojinsa barasa da ruwa, laƙabinsa na "Old Grog" ya bi abin shan. Yanzu ta wanke, ko barci ne bai sake ka ba kana iya faɗinta.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah a Zariya, ƙaninta ya ci jarrabawa ya sa hotonsa a Facebook ya rubuta "I am so high", ta ce gabanta ya faɗi.

Kina da gaskiya da gabanki ya faɗi amma ki tambaye shi a hankali tukuna, yaranmu da yawa suna kwaso kalma a waƙa ba su san nauyinta ba. "High" in ta tsaya ita kaɗai haka yawanci ƙwaya ko wiwi take nunawa, haka ma "stoned". In murna yake nufi abin da ya dace da shi "hyped" ko "buzzing". Abin da ya fi damuna shi ne irin wannan rubutu yana zama a intanet shekara da shekaru, wata rana mai ɗaukar aiki ko gidan da zai nemi aure su gani, wa zai tsaya ya yi musu bayanin murna yake nufi? Alhali Hausa ba ta rage shi da komai ba, ga ɗoki ga zumuɗi ga rawar jiki, ga rawar kai in abin ya wuce gona da iri, ko ya ce ji yake kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha.

Wani kuma ya tambayi ma'anar "ko giyar wake na sha". Ana faɗinta ne in mutum zai rantse ba zai aikata abu ba ko da hankalinsa ya gushe, misali ko giyar wake na sha ba zan zagi mahaifiyata ba. Burkutu da dawa ake yin ta, a fahimtata an kawo wake ne don a zuzuta, giyar da ta wuce duk wadda aka saba gani. Haka nan giyar mulki da giyar kuɗi, babu ƙwarya babu kwalba amma mutum ya daina jin kira.

Sai mai tambaya ko maye na shaye-shaye da maye mai kama kurwa kalma ɗaya ce. A rubutun boko kamarsu ɗaya, a baki karin sauti ya raba su. Mai kama kurwa yana da mace, mayya, da jam'i, mayu, aikinsa maita. Na shaye-shaye hali ne da mutum ke shiga, shi ya sa ake cewa yana cikin maye ko kayan maye, kuma ba shi da jam'i.