Kocin aiki: romon baka ne, ko akwai binciken da ya tsaya masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Ngaundare nake rubuto maka. Bara kawuna ya ɗora ni a kan harkar motocinsa masu ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa Garwa, Marwa har Kusiri. Direbobin da ke ƙarƙashina wasu sun haife ni. Ina jin nauyin yi musu faɗa, in kuma na yi sai a kwana uku ana gaba. Wani ya zo daga Duwala ya ce shi kocin shugabannin kamfani ne, wato mai taimaka wa shugaba ya gyara yadda yake tafiyar da aiki, zai riƙa zama da ni sau biyu a wata, kuɗin kuma ba kaɗan ba. Ya ce bincike ya nuna aiki yana ƙaruwa da kashi 88 cikin ɗari. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya taya ka riƙo.

Wannan kashi 88 yana da asali. A 1997 Olivero, Bane da Kopelman suka wallafa binciken da suka yi kan manajoji 31 a wata hukumar gwamnati a Amurka. Horo na cikin aji kaɗai ya ƙara yawan aiki da kusan kashi 22, da aka biyo shi da zaman koci na mako takwas sai ƙarin ya kai 88. To amma mutum 31 ne, a ma'aikata ɗaya, kuma ba a ware wasu da ba a yi musu komai ba don a gwada. Wanda ya yi maka alkawari da wannan adadi, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Binciken da ya fi nauyi shi ne wanda ya tattaro sakamakon wasu da dama ya auna su tare. A 2014 Theeboom da abokansa a Jami'ar Amsterdam suka haɗa guda 18, a 2016 kuma Jones, Woods da Guillaume a Ingila suka haɗa 17. Duka biyun sun samu cewa zaman koci yana da amfani, ga aiki da ƙwarewa da natsuwar mutum, sai dai amfanin matsakaici ne. Na 2016 ya gano abu biyu da suka shafi aljihunka: yawan zama bai ƙara sakamako ba, kuma kocin da ke cikin ma'aikata ya fi na waje tasiri. Ka kuma riƙe cewa akasarin waɗannan bincike a Turai da Amurka da Ostireliya aka yi su, cikin ofisoshin da yaro ke kiran shugabansa da sunansa.

Koci ba zai koya maka harkar mota ba, ka fi shi saninta. Aikinsa tambaya. Tsarin da wani koci ɗan Ingila, John Whitmore, ya yaɗa tun 1992 tambayoyi huɗu ne: me kake so ka cimma, yaya abin yake yanzu, waɗanne hanyoyi ke gabanka, wanne za ka yi kuma yaushe. Ƙarƙashin wannan akwai ra'ayin masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers na 1957, cewa mutum yana sauyawa ne a gaban wanda ya saurare shi da gaskiya ba tare da ya yanke masa hukunci ba.

Abin da ke sa tambayoyin su yi aiki sananne ne a ilimin halayyar ɗan Adam. Locke da Latham sun shafe shekaru suna nuna cewa manufa fayyatacciya mai ɗan wuya ta fi "yi iya ƙoƙarinka" fitar da aiki. Deci da Ryan sun nuna cewa abin da mutum ya zaɓa da kansa ya fi daɗewa a kai fiye da wanda aka ɗora masa, shi ya sa kocin kirki ba ya yi maka huɗuba. Peter Gollwitzer kuma a 1999 ya bayyana cewa niyya tana fin tabbata in an ɗaure ta da lokaci da wuri: in kaza ya faru, to kaza zan yi. "Zan riƙa haƙuri da direbobi" buri ne kawai. "In Baba direba ya dawo ba rasidin mai, ba zan ce komai a gareji ba, sai bayan La'asar in kira shi ofis mu buɗe littafi", wannan shiri ne, kuma ranar Juma'a ana iya tambayarka ko ka yi.

A nan zan daɗe, don ina ganin nan matsalarka take. A 1996 Kluger da DeNisi suka duba ɗaruruwan gwaje-gwaje kan gaya wa ma'aikaci yadda aikinsa ya kasance. A dunƙule yana taimakawa, amma fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan, aikin ma baya ya yi. Bayaninsu shi ne, in maganar ta karkata hankalin mutum zuwa kansa da mutuncinsa, sai ya bar aikin ya koma kare kai. In ta tsaya kan aikin, sai ya gyara. Ka duba dattijon da ya sha hanyar Kusiri tun kana goye, ga yaran motarsa a tsaye, ka ce masa ba shi da amana. Daga lokacin babu sauran zancen mai a ransa, sai zancen tsinka shi da ka yi a gaban yara. Amma ka zaunar da shi, a kawo shayi, ka ce, "Baba, man Garwa zuwa Marwa ya ɗara na tafiyar da ta wuce da lita 30. Ko akwai abin da ya faru a hanya?" Wataƙila famfo ne ke yoyo, wataƙila ba shi ba ne, amma ka bar masa ƙofar da zai amsa da mutuncinsa. Jin nauyin nan da kake yi kada ka ɗauke shi a matsayin rauni. Abin da ya rage maka shi ne ka iya faɗin lissafi ƙarara a cikin ladabi. Kocin da zai ce ka kalli sa'an mahaifinka ido cikin ido ka zazzage masa komai bai san inda ya zo ba.

Sai batun amana tsakaninka da kocin. Edward Bordin a 1979 ya ce haɗin kan mai taimako da wanda ake taimakawa yana tsayawa kan abu uku: su yarda da manufa, su yarda da abin da za a yi, sannan jininsu ya haɗu. A wurinka akwai ƙarin tambaya: wa zai biya? In kawu ne, a yi magana tun farko kan abin da zai koma kunnensa. Ranar da ka ji zancen da ka yi a ɗaki ya fito daga bakin kawu, ba za ka sake faɗin gaskiya ba, zaman kuma ya tashi a banza.

Kowa yana iya kiran kansa koci. Babbar ƙungiyarsu ta duniya, ICF, wadda aka kafa a 1995, tana ba da takardar shaida, amma ƙungiya ce mai zaman kanta, ba lasisin hukuma ba. Steven Berglas ya yi gargaɗi a 2002 cewa kocin da bai karanci halayyar ɗan Adam ba yana iya ƙara dagula lamari in abin da ke damun mutum ciwon damuwa ne. Don haka in barci ya ƙaurace maka makonni, ko abinci ya fita ranka, likita za ka gani.

Shawarata, kada ka biya na shekara. Ku yi zama uku, kan abu ɗaya da kai ka zaɓa. Ka lura wa ya fi magana. In shi ne, lacca ka saya. Ka tambaye shi inda ya yi karatu, da wanda yake duba aikinsa. In kuɗin ya yi maka nauyi, nemi wani dattijo a cikin harkar, tsohon shugaban gareji ko akawun da ya yi ritaya, wanda ba ya kai gulma, ka roƙe shi ya riƙa tambayarka duk mako biyu abin da ka ce za ka yi. Kafin zama na farko ka rubuta man da kowace mota ke sha da kwanakin da take yi a hanya, bayan wata uku ka sake dubawa.