Tambaya da Amsa: Mu ma an yi mana mulkin mallaka, me ya haɗa ni da rigar ruwan lemo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya iyali ya aiki. Ni 'yar Kano ce, shekarata uku kenan a Winnipeg ta ƙasar Kanada, karatu ya kawo ni yanzu kuma ina ɗan aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Abin da ke damuna shi ne duk taron da za a yi a nan, ko na makaranta ko na wajen aiki, sai wani ya miƙe ya ce muna zaune a kan ƙasar yarjejeniya ta ɗaya, wato wadda Turawa suka ƙulla da 'yan asalin yankin, ya lissafo ƙabilun da ke da ƙasar tun asali, sannan a fara abin da ya tara mutane. Kuma ranar 30 ga Satumba kowa sai ka gan shi da riga ruwan lemo, bara wata baturiya da muke aiki tare ta kawo min ɗaya, na karɓa na yi godiya na cusa a jaka ban saka ba. A raina na ce ni me ya shafe ni, ai mu ma Turawan nan sun ci garinmu da yaƙi, ga shi a nan ɗin ma ba a bar mu ba, ga hijabi ga baƙar fata. Waɗanda kakanninsu suka yi ɓarnar su je su yi ta neman gafara mana. Amma wallahi tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Malam kuskure na yi? Daga 'yar uwarku a Winnipeg.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar abin da aka je nema. Maganarki ta farko gaskiya ce kuma ba zan rage mata komai ba. A 1903 sojojin Lugga suka fasa Kano, wata guda bayan nan suka shiga Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru suka bi shi har Burmi suka kashe shi da jama'arsa, a 1906 aka shafe Satiru. 'Yan uwanmu na Nijar kuma har yau ba su manta abin da rundunar Faransa ta yi a Birnin Konni a 1899 ba. Don haka babu mai ɗora miki laifin kakannin wani, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin haka ki faɗa masa tarihinki kanki a tsaye.

Toh amma bari in tambaye ki, ruwan da kika buɗe famfo kika yi alwala da shi yau da asuba daga ina ya taho? Ruwan Winnipeg daga wani tafki yake zuwa mai suna Shoal Lake, tafiyar kilomita wajen 150, tun 1919 aka gama janyo shi. Da za a yi aikin sai aka karɓe wani yanki na ƙasar mutanen Anishinabe, 'yan asalin da ke wajen, aka haƙa magudana da ta yanke su daga tudu, garinsu ya koma tsibiri, da rani jirgin fito da sanyi kuma su taka ƙanƙara su tsallaka, kuma an rasa rayuka a wannan tsallakawar. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne su da ake ɗibar ruwan daga gefensu, daga 1997 har 2021 ba su da ruwan da za su sha ba tare da sun tafasa ba, shekara 24, yaro an haife shi ya girma ya yi aure bai taɓa tara kofi a famfon gidansu ya sha ba, alhali birni guda na sha daga tafkinsu. Sai 2019 aka buɗe musu hanyar mota da suka yi ta roƙo shekara da shekaru. Kin ga wannan ba labarin kakanni ba ne, a zamaninmu aka yi, kuma ruwan ba ya tambayar launin fatar mai sha, ke ma kina sha.

Bambancin namu da nasu kenan da ya kamata ki riƙe. Mu Bature ya zo ya mulke mu ya kwashi abin da zai kwasa, 1960 ya naɗe kayansa ya tafi, ya bar mu da harshenmu da addininmu da gonakinmu, ga shi ni da ke muna magana da Hausa a mujalla. Su kuwa baƙon zuwa ya yi ya zauna ya hayayyafa har ya rinjayi masu gida, yanzu 'yan asalin Kanada duka duka ba su wuce biyar cikin ɗari na mutanen ƙasar ba. Kuma bai tsaya a ƙasa ba sai da ya kai hannu kan 'ya'ya. Yara wajen 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati ke biya coci coci ke gudanarwa, a aske musu gashi, a canza musu suna, yaro ya yi yaren uwarsa a dake shi. Dubbai ba su dawo gida ba, wasu iyayen ko kabarin ba a nuna musu ba. Kar ki ɗauka abin ya daɗe, sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe, kuma a cikin Winnipeg ɗin da kike akwai guda, ta Assiniboia, ta yi aiki daga 1958 zuwa 1973. Ke da kike aiki da tsofaffi, ba mamaki wata da kike ba abinci a baki da safe ta yi zaman irin wannan makaranta.

Rigar da ke jakarki ma labarin yarinya ɗaya ce. Phyllis Webstad tana shekara shida a 1973 kakarta ta saya mata sabuwar riga ruwan lemo don ranar farko a makaranta, ki tuna yadda muke ji da kayan sallah muna yara, tana isa aka tuɓe mata ita ba ta sake ganinta ba. Da ta girma ta ba da labarin, daga 2013 mutane suka fara saka irin rigar, a 2021 gwamnati ta mai da 30 ga Satumba ranar hutu bayan an sanar da gano alamun da ake zaton kaburburan yara ne wajen 200 a harabar tsohuwar makarantar Kamloops. Hukumar gaskiya da sasantawa da ta saurari dubban waɗanda suka tsira ta fitar da rahotonta a 2015 da buƙatu 94, kuma na 94 ɗin kai tsaye ya shafe ki, domin shi ne ya nemi a gyara rantsuwar zama ɗan ƙasa. An gyara a 2021, duk ranar da kika ɗaga hannu za ki karɓi takardar zama 'yar Kanada da bakinki za ki ambaci haƙƙoƙin 'yan asali da yarjejeniyoyin da aka yi da su. Ke Musulma ce kin san nauyin rantsuwa.

Ni abin da nake tunawa duk sanda aka zo irin wannan magana shi ne Hilful Fudul. Wani baƙo ɗan Yaman ya kawo kaya Makka, wani babba a gari ya karɓa ya hana kuɗi, baƙon ya hau dutse ya yi kuka, wasu daga Ƙuraishawa waɗanda ba danginsa ba ne ba kuma su suka cuce shi ba suka taru gidan Abdullahi bin Jud'an suka yi alkawarin tsayawa da wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana matashi ya halarta, kuma bayan annabci ya yabi wannan alkawari ya nuna da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa. Ba a tambayi waɗancan mutane ko kakanninsu na da hannu ba.

Sai dai fa akwai yadda ake yi, don na ga masu goyon bayan da ke ƙara wa mutane gajiya, su zo da hawaye da hoto a Instagram su karɓe makirfo su fi mai ciwon kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gwagwarmayar neman haƙƙin 'yan asali mai suna Idle No More da ta girgiza Kanada a ƙarshen 2012 mata huɗu suka fara ta a Saskatchewan, uku 'yan asali, ɗaya baturiya mai suna Sheelah McLean, kuma ba ta mai da kanta shugabarsu ba, aiki ta kama tare da su. Hanyar Shoal Lake ɗin ma mutanen garin su suka ja gaba, mutanen Winnipeg da coci coci suka mara musu baya da tattaki da matsa wa 'yan siyasa lamba har aka fitar da kuɗin. A unguwar North End akwai 'yan sintirin sa kai na Bear Clan, 'yan asali ke jagoranta amma kowa na iya shiga, suna zaga titi da dare suna raba abinci suna tsince allurai suna taya neman waɗanda suka ɓata. In kina da yamma ɗaya a wata ki je. Cibiyar da ke ajiye shaidun waɗanda suka yi makarantun nan tana Jami'ar Manitoba, a garinku take.

Abu guda kuma da nake roƙonki, wanda ya fi saka riga wuya, shi ne zancen da ake yi a tsakaninmu. Na sha ji a hirar 'yan uwanmu da ke can ana cewa mutanen nan mashaya ne, malalata ne, gwamnati ke ci da su. Mutum ya sauka jiya ya ga wani kwance a tashar bas ya yanke wa al'umma guda hukunci, bai san cewa uwar wannan mutumin da kakarsa duk a makarantar da ba a rungumar yaro suka tashi ba. In aka yi wannan maganar a gabanki a walima ko a guruf ɗin WhatsApp ki tanka, cikin ladabi amma ki tanka. Zancen addini kuma, idan aka zo turaren ganyen da suke yi a buɗe taro kika ji ba ki natsu ba, ki ja baya cikin girmamawa, ba a tilasta wa kowa, kuma rigar ba ibada ba ce ta'aziyya ce. Ki fito da ita daga jaka ki goge, in Allah ya kai mu Satumba ki ɗora hijabinki a kai.

TAMBAYA: Malam ni gaskiya da na ji kalmar ɗan asali gabana faɗuwa yake. A garin da aka haifi kakana aka haifi babana aka haife ni har yau baƙi ake ce mana, takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ta gagare ni, saboda ita na rasa gurbin karatu. Ba ka ganin wannan abin da kuke yabo a ƙasashen waje shi ne dai ake yanka mu da shi a gida? Daga wani ɗan uwa a Filato.

AMSA: Ɗan uwa Allah ya sanyaya maka, kuma tsoronka yana da tushe, kalmar ta ci rayuka a ƙasar nan. Ita kanta gwamnatin Najeriya da aka zo ƙuri'a kan sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin 'yan asali a 2007 ƙauracewa ta yi, Kanada da Amurka da Ostireliya da New Zealand kuma suka ƙi, sai daga baya suka sauko. Amma ka duba hannun wa wuƙar take. A wajenka wanda ke riƙe da hatimi da ofis shi ke amfani da kalmar ya rufe maka ƙofa. A Kanada wanda aka ƙwace wa ƙasa da 'ya'ya da harshe shi ke ɗaga kalmar yana cewa a cika alkawarin da aka sa hannu da kakanninsa, a ba shi ruwan sha, a daina yanke hukunci kan ƙasarsa ba da shi ba. Abin da ya sa nake tare da su shi ne ya sa nake tare da kai, an hana mutum haƙƙinsa a inda aka binne cibiyarsa.

In kana son misalin da ya fi kama da nasu a gida, ka dubi Abuja. Dokar soja ta 1976 ta mayar da ƙasar Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu babban birnin tarayya, aka tashi ƙauyuka, mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja, wasu har yau rigimar diyya ba ta ƙare ba, kuma ba su da gwamna ba su da majalisar jiha da za su kai kuka. Mu Hausawa mun cika Abuja, muna da shaguna da gidaje da filaye, hoton Ladi Kwali, Bagbagyiya mai ginin tukwane, na aljihunmu a jikin naira ashirin, amma mu nawa ne muka taɓa tambayar wane ƙauye ne a da a inda gidanmu yake, ko muka daina barkwancin da muke yi da sunan Gwari. Ni kaina sai da wani dattijo Bagbagyi ya tsaya da ni a gefen wani babban titi ya nuna min da sandarsa inda rumbunan gidansu suke a da, da inda aka binne mahaifinsa, yanzu wajen ajiye motoci ne, ya ce duk shekara yakan zo ya tsaya daga bakin shinge ya yi addu'arsa ya koma.