Tambaya da Amsa: Kwatano, ƙofar teku ta Nijar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, yanzu na fara odar kaya daga Sin. Me ya sa aka fi sauke kayan Nijar a Kwatano, kuma a ina aka fi samun cikas? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dalilin farko kusanci ne. Nijar ba ta da teku, kuma daga Kwatano, a ƙasar Benin, zuwa Yamai kilomita dubu ɗaya ne da 'yan kai, bai kai nisan Lome ko Abijan ba. Ga kuma kuɗi iri ɗaya, wato sefa, ga harshen ofis iri ɗaya, wato Faransanci.

Hanyar da aka saba bi kafin 2023 ita ce: mota ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta bi Bohikon, Paraku, Kandi, har Malanbil, ta haye gadar kogin Kwara ta shiga Gaya. A Doso hanya ke rabuwa, mai zuwa Yamai ya yi yamma, ku kuwa ku yi gabas ta Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Akwai layin dogo, amma a Paraku ya tsaya, kilomita 438 daga bakin teku, bai taɓa ƙarasowa Nijar ba. Shi ya sa tirela ce ke ɗaukar nauyin.

Cikas yakan fara tun daga takarda. Tun can wajen lodi, a tabbatar an rubuta a takardar jirgi cewa kayan wucewa za su yi zuwa Nijar. In ba a rubuta ba, kwastan na iya ɗaukarsu kayan cikin Benin ne, gyaran kuma yana cin kwanaki. Su kwanakin nan kuɗi ne: kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta, da sun ƙare sai kuɗin jinkirin kwantena ya fara hawa kullum, ban da kuɗin ajiya na tasha. Sannan ba za a bar ka ka tafi da kwantena arewa ba sai ka ajiye kuɗin jingina. Wannan ne ya sa da yawa suke buɗe ta a Kwatano su juye kayan a mota. Akwai sauƙi, amma nan ne kaya ke fashewa ko su yi ƙafa, don haka kada a juye sai wakilinka na tsaye da takardar lissafi a hannu.

Sai kuma siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar Malanbil, kaya da yawa suka koma Lome suna ratsowa ta Burkina Faso da rakiyar soja. Kafin ka zaɓi tasha, ka binciki halin da iyakar ke ciki a lokacin.

Tambaya: Malam, Kwatano ce babban birnin Benin? Kuma da gaske ne teku na cinye garin? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: A tsarin mulki Porto-Nobo ce babban birni, can majalisa take. Amma fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu suna Kwatano.

Batun teku gaskiya ne, Malama. Garin yana kan siririyar ƙasa mai yashi, tsakanin Tekun Atlantika da tafkin Nokuwe. A 1885 Faransawa suka haƙa mashigar da ta haɗa su, ita ce ta raba garin biyu, a bakinta aka kafa babbar kasuwar Dantokpa. Gaɓar ba ta da lungun da jirgi zai fake, don haka a da jirage can nesa suke tsayawa, a yi jigila da kwale-kwale zuwa wata doguwar gadar ƙarfe. Sai a 1965 aka buɗe tasha mai zurfi.

To a wannan gaɓar, igiyar ruwa daga yamma take tura yashi zuwa gabas. Katangar da aka gina don kare tashar sai ta tare shi: yamma ta yi ta tara yashi, gabas kuwa, wajen unguwar Akpakpa, ruwa na kwasa ba mai mayarwa, har gidaje suka rufta. Maganin da aka yi shi ne jera shingayen duwatsu masu kutsawa cikin teku. Suna riƙe yashin inda aka kafa su, sai dai zaizayar takan matsa gaba da shinge na ƙarshe.