Bindiga mai ɗura wa kanta harsashi da kuɗin gasar harbin nesa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Shekara biyu ke nan ina cikin wata ƙungiyar harbi mai rajista a ƙasar da nake aiki, kuma ina da lasisi. Da bindigar aro nake harbi, daga mita 100 zuwa 300. Yanzu ina so in sayi tawa in shiga harbin nesa, mita 600 zuwa 1,000, kuma raina ya kwanta da irin mai ɗura wa kanta harsashi, ƙirar AR-10. Wani abokina ya ce haramun ne farar hula ya mallaki irinta tunda kamar ta soja take. Gasar kuwa duk wata ake yi, kowa ya zuba kuɗi daidai wa daida, na ɗaya da na biyu su raba. Maiɗakina ba ta so saboda yaranmu uku ƙanana ne. Mene ne hukunci, kuma wacce Malam yake ganin ya dace in zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, a kan bindiga ka yi tambaya, amma abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka layi ɗaya ne da ka wuce shi da sauri, inda ka ce kowa yana zuba kuɗi, na ɗaya da na biyu su raba. Can hukuncin ya sauya. Bari in sallami na bindigar tukuna don ba shi da tsawo.

Koyon harbi abin yabo ne a shari'a, babu saɓani, kuma malaman wannan zamani sun riskar da bindiga ga kwari da baka. Maganar abokinka ba ta da tushe. Shari'a ba ta rataya hukunci a kan kamannin makami ba, kuma ko a aikace wadda kake nufi ba mai ɓarin wuta ba ce: duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ne, sai dai iskar da fashewar ta haifar ita ke tofar da kwanso ta ɗura wani. Abin da zai iya haramta maka ita dokar ƙasar da kake zaune ce, domin hukuma tana da ikon taƙaita halal saboda kare rayuka, kuma kai ka shiga ƙasarsu da alkawarin bin dokarsu. A kan wannan nau'in musamman ƙasashe da dama sun ɗaure. Birtaniya ta hana farar hula irinta mai babban harsashi a 1988 bayan kisan da wani ɗan bindiga ya yi a garin Hungerford, Ostareliya ta bi sahu a 1996, New Zealand kuma a 2019 bayan an kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch. Saboda haka kada ka ce mini kawai kana da lasisi. Ka duba ko lasisin naka ya ƙunshi wannan rukuni da irin gidan harsashin da za ka sa mata. In ya ƙunsa, saye ya halatta. In bai ƙunsa ba, ya haramta gare ka, ko da maƙwabcinka na wata ƙasa ya halatta masa. Kuma hadisan falalar harbi ba su ba kowa izinin tara makami a bayan hukuma ba.

Yanzu kuɗin gasa. In kyautar daga wani na waje ta fito, kamar kamfani ko ƙungiya ko wani mai hali da ba ya cikin masu harbi, ta halatta bisa haɗuwar malamai. Idan ɗaya daga cikinku ne kaɗai ya sa, wannan ma akwai hanyarsa, zan dawo kanta. Amma siffar da ka kawo, kowa ya zuba, kowa yana tsakanin ya ci ko a cinye nasa, ita ce ainihin siffar caca. Imamu Malik ya hana ta kai tsaye. Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa ma sun hana, sai dai in an shigo da wanda suke kira muhallili, wato wani gwani tsaran sauran da bai zuba ko sisi ba, in ya ci ya kwashe, in bai ci ba babu komai a kansa. A gasarku babu ko muhallilin, don haka mazhabobi huɗun duk sun haɗu a kan hana ta.

Na san abin da za a ce maka a fili, don an sha faɗa mini: ai Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun halatta kowa ya zuba ba tare da muhallili ba, matuƙar harbi ne ko tseren doki ko na raƙumi. Gaskiya ne sun faɗa, Ibnul Ƙayyim ma ya tsawaita a kai a littafinsa Alfurusiyya, kuma ba mutanen da ake ture maganarsu da gefen hannu ba ne. Sai dai na auna hujjojin ban ga sun ɗauki nauyin da aka ɗora musu ba.

Babbar hujjarsu hadisin Abu Huraira ne, cewa babu kyautar tsere sai a kibiya ko raƙumi ko doki. Suka ce Annabi (SAW) ya saki maganar bai gindaya sharaɗin wanda zai fitar da kuɗin ba. To amma hadisin ya zo ne yana amsa tambayar a kan me ake sa kyauta. Wanda zai sa ta wata tambaya ce daban da hadisin bai taɓa ba, kuma shirunsa ba zai buɗe ƙofar da ayar Ma'ida ta rufe da sunan maisir, wato caca, ba. Da shiru yana halattawa, da sai mu ce kyautar ma ko giya ce ta halatta tunda hadisin bai ambaci nau'inta ba, kuma babu mai faɗin haka.

Sai ƙissar Sayyidina Abubakar da ya yi fare da Ƙuraishawa a kan Rumawa za su rinjayi Farisawa. Wannan a Makka ya faru, lokacin saukar farkon Suratur Rum, haramcin caca kuwa a Madina ya sauka. A ruwayar Tirmizi ma an faɗa ƙarara cewa hakan kafin haramta fare ne. Sai kokawar Annabi (SAW) da Rukana a kan tumaki. Ruwayar da ta ambaci tumakin mursal ce, wato tabi'i ne ya kawo ta bai ambaci sahabin da ya ji daga gare shi ba, kuma ita kanta ta ce an mayar wa Rukana da tumakinsa. Wanda ya mayar da abin da ya ci bai kafa maka hujjar ka riƙe ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce sukar muhallili. Suka ce hila ce kawai: mutum biyu suna caca, an sako na uku, ta yaya cacar ta tafi? Suka kuma ce hadisin da aka dogara da shi bai inganta daga Annabi (SAW) ba, maganar Sa'idu bin Musayyib ce, kamar yadda Malik ya kawo ta a Muwaɗɗa. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari. Amma duba inda maganar ta kai mu. In muhallili bai kawar da cacar ba, ai cacar tana nan ke nan. Malik ya ga abin da suka gani tun ƙarni biyar da wani abu kafin su, sai ya hana ko da muhallilin, kuma a kan haka Muktasar, littafin Halilu na fiƙihun Malikiyya, ya tafi. Su kuma suka ga maganin bai yi aiki ba, sai suka ce ashe babu cutar. Wannan tsallen ne ban iya bin su ba.

Ko da ma an sallama musu, rangwamen nasu sun gina shi ne a kan tanadin ƙarfi don kare al'umma, suka ce wannan maslahar ta rinjayi ɓarnar. Kai kuma naka sha'awa ce da motsa jiki. Halal ne, amma bai kai matsayin da za a jure masa siffar caca ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa ma, a zamanta na Doha a 2003, ta sa cikin sharuɗɗan gasa mai kyauta cewa kada kyautar ta fito daga dukkan masu gasar.

Mafita ba ta da wuya. Ka tambayi masu shirya gasar yadda ake kasafta kuɗin. Abin da ake biya don hayar fili da allunan harbi da alƙalai ladan aiki ne, biyansa halal ne. Ka biya wannan, ka ce a rubuta makinka amma a cire ka daga rabon. Ko ku nemo mai sayar da kayan harbi ya ɗauki nauyin kyautar, su ma talla suke so. Ko kuma ka bi siffar da Risala ta kawo daga Malik: kai kaɗai ka sa kyauta, in wani ya ci ya ɗauka, in kai ka ci ta koma ga wanda ke biye da kai, ba ta dawo aljihunka ba. In ka taɓa cin irin wancan kuɗin a baya, ka ɗauki abin da ka zuba, sauran ka mayar wa masu shi in an san su, in ba a sani ba ka sadakar.

Game da wacce za ka zaɓa, wannan shawara ce, ba fatawa ba. In burinka ka samu allo a mita 1,000, mai sakata wadda ake ɗanawa da hannu ta fi ba da daidaito a kuɗi ɗaya, domin ba ta da sassan da ke kai da komo lokacin harbi, kuma ba ta wahalar da kwanso. Mai ɗura wa kanta tana da amfani inda gasar ke da ƙidayar lokaci da alluna da yawa, ko inda kake so ka sake harbi kafin iska ta juya. In gasarku ta kwanciya ce a yi harbi ɗaya bayan ɗaya, kuɗin saurin da ba ka bukata za ka biya. In kuwa ka dage a kan AR-10, ka nemi wadda bututunta ba ya taɓa mariƙin gaba, mai kunama mai laushi, wadda ke tara harsasai cikin abin da maharba ke kira MOA ɗaya, wato kimanin santimita 3 a mita 100. Wannan a mita 1,000 ya zama kusan santimita 29 tun iska ba ta sa baki ba. Iskar kuwa ba wasa ba ce: mai gudun kilomita 16 a awa, in ta bugo daga gefe, tana kautar da harsashin .308 Winchester da fiye da mita 2 a wannan nisa, ga shi yana faɗuwa ƙasa da fiye da mita 10. Harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, ya fi jure iska kuma bai kai shi dukan kafaɗa ba, sai dai ya fi saurin cinye bututu. Na .308 tun 1952 yake kasuwa, ya fi samuwa. Kuma ka ware wa madubin hangen nesa kuɗi mai kauri, don a wannan nisa rabin aikin nasa ne. Duk wannan in daga rarar kuɗinka ne. Kada ka ci bashi mai ruwa, kada kuma ka taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara, don harsashin atisaye kaɗai a shekara ba ƙaramin abu yake ci ba.

Maganar maiɗakinka kuwa, ita ta fi abokinka fahimtar inda haɗarin yake. Wannan nau'in bindiga, da zarar ka harba, wani harsashin ya riga ya shiga ciki yana jira. Cire gidan harsashi ba ya fitar da wanda ke cikin. Mutane da yawa ta wannan hanya suka halaka 'yan'uwansu, suna rantsuwa cewa babu komai a ciki. Annabi (SAW) ya hana a miƙa takobi a zare, ya umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu, ya kuma ce kada ɗayanku ya nuna ɗan'uwansa da makami don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizge hannunsa. Bindigar da aka ɗana ta fi takobi zararre. Saboda haka ajiye ta a akwatin ƙarfe mai makulli, harsashi a wani wuri daban, makulli kuma inda yaro ba ya kaiwa, wajibi ne a kanka, ba ado ba ne. In ƙungiyarku tana da ma'ajiya, ka bar ta can, ka huta, matarka ma ta yi barci. Ba sharaɗi ne sai ta yarda ba, amma mai tsoro a kan 'ya'yanta da hujja take magana, kuma ba na son ka ci gasa a fili ka dawo gida ana zaman doya da manja.

Kada ka harba sai a filin da aka tanada mai tudun tare harsashi a baya, domin harsashin irin wannan bindiga yana tafiya fiye da kilomita 3 in ya tsallake. Wanda ya kashe rai ta haka bisa kuskure, diyya ta hau, ga kaffarar azumin wata biyu a jere. Kada ka mai da tsuntsu ko wata dabba allon gwajin saiti, an la'anci mai yin haka a hadisin Ibnu Umar, kuma farauta don ci babinta daban. Ka toshe kunnuwanka duk lokacin harbi, domin ƙarar tana kashe ji a hankali kuma ba ya dawowa, jikinka kuwa amana ne. In gasa ta faɗo ranar Juma'a ko ta ratsa lokacin salla, ka gaya musu tun ranar rajista don a sa ka a layin da ba zai ci karo ba.

Wallahu a'alam.