Ruwan farko ba na kwata ba ne

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce Zumuntar Mata ta damƙa miki wankin kayan bagadi, wata dattijuwa kuma ta tare ki a bakin coci ta ce kada ki kuskura ki zubar da ruwan wankin a kwata. Kina tambaya ko camfi ne. Kin kuma ce tabon ruwan inabi ya ƙi fita, har kina shirin jiƙa su da Hypo. To, ajiye kwalbar nan tukuna.

Dattijuwar ta faɗa miki gaskiya. Kayan da ke hannunki ba matsayinsu ɗaya ba. Babban mayafin da ke rufe bagadi da ɗan tawul ɗin da Fada ke goge hannu da shi, waɗannan wankin hankali kawai suke so. Masu nauyin biyu ne: kofural, ƙyallen nan mai kusurwa huɗu da ake shimfiɗawa a ɗora ƙoƙo da faranti, da furifiketa, wanda ake goge ƙoƙo da shi bayan tarayya. Na farko yakan riƙe ɓurɓushin gurasar tarayya, wato Jikin Ubangiji, na biyu ya sha ruwan inabin, wato Jininsa. Ruwan da ya fara taɓa su bai kamata ya bi hanya ɗaya da ruwan wanke-wanke ba. A ƙarƙashin dokar Ikilisiya ta 1917, ba a ba wa kowa waɗannan ƙyallaye sai Fada, dikon ko mataimakin dikon ya yi musu wankin farko da hannunsa. Yanzu an sassauta, amma takardar Redemptionis Sacramentum da Roma ta fitar a 2004 ta yaba a yi wankin farko da hannu, a zuba ruwan a sakirariyum ko a ƙasa, wuri mai kyau, sannan a yi wanki na biyu yadda aka saba. Sakirariyum ɗan kwamin wanki ne a ɗakin ajiyar kayan Mas, wato sujadar Katolika, wanda bututunsa ke shiga ƙasa kai tsaye. Inda babu shi, gindin bishiya ko cikin furanni a harabar coci, inda ƙafa ba ta takawa, ya wadatar.

Ki keɓe roba ɗaya don wannan aiki kaɗai. Kada ki yi amfani da kwanon ƙarfe da fentinsa ya ɓare, zai bar miki tsatsa. Ki zuba ruwan sanyi zalla, ba sabulu, ki buɗe kofural a kan robar, ba a gefe ba, don duk abin da ke cikin ninkin ya faɗa ruwa. Ki bar su su kwana. Da safe ki matsa su tsakanin tafukanki, ban da murɗawa, domin murɗa tana karya zaren lilin. Sai ki kai ruwan inda na faɗa miki. Wannan jiƙon kaɗai yakan tafi da yawancin tabon.

Wanda ya rage na jan ruwan inabi, kada ki goga masa sabulun gula. Irin wannan tabo na 'ya'yan itace, sabulun gula yana ƙara zaunar da shi. Ki miƙar da wurin a bakin kwano, ki ɗaure da zare ya yi tauri kamar fatar ganga, ki barbaɗa gishiri, sannan ki tsiyaya tafasasshen ruwa daga sama, tazarar kamu ɗaya. Ƙarfin zubowar ne ke tura launin ya fita ta ƙasa. Ki kula da hannunki. In tabon ya tsufa, ki sayo haidirojin na wanke ciwo a kemis, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, ki ɗiga a kai, ki jira minti 20, ki ɗauraye. Amma ki fara gwada ɗigo ɗaya a kan ɗan jan gicciyen da aka ɗinka a jiki; wani zaren yana zuba, sai ki wayi gari da tabo mai launin ruwan hoda a inda babu komai da. Farin ruwan inabi kuma mayaudari ne: ba ya nuna tabo, amma sukarinsa na nan, da zarar dutsen guga ya hau shi sai ya koma ruwan ƙasa. Saboda haka ko ƙyalle ya yi miki kama da mai tsabta, a wanke shi.

Hypo kuwa fari yake ba ki yau, ya karɓi kuɗinsa gobe. Yana cin zaren lilin, ƙyallen ya soma komawa rawaya, sannan ƙananan huji su fito a daidai layin ninki. In ruwanku na burtsatse ne mai ƙarfe a ciki, Hypo zai ƙara fito da jan tsatsar maimakon ya cire ta. Maganin tsatsa lemun tsami ne da gishiri: ki matsa, ki barbaɗa, ki shanya a rana kamar awa ɗaya, ki ɗauraye sosai don tsamin ma yana raunana zare in ya zauna. Daga nan ki nemi inda ta fito. Yawanci fil ne da aka maƙale mayafi da shi, ko igiyar shanya ta waya, ko gindin gwangwanin furanni.

Jambaki a furifiketa maiƙo ne, don haka sabulun ruwa na wanke kwanuka ne abokinsa. Ki kifa tabon a kan farin tsumma, ki ɗiga sabulun ta baya, ki riƙa dannawa da yatsa kina matsar da tsumman. In kika cuɗa, faɗaɗa shi za ki yi. Man shafewa mai tsarki shi ma haka, sai dai ki fara rufe shi da garin alli ya kwana ya tsotse man, ruwansa na farko kuma ƙasa za shi.

Kakin kyandir, ki bar shi ya daskare sarai, ki kankare da bayan cokali. Ki sa farar takarda marar rubutu sama da ƙasa, ki ɗora dutsen guga mai ɗumi, kina sauya takardar har ta daina shan maiƙo. Jarida ba ta yi, tawadarta za ta koma jikin ƙyallen. Kyandir mai launi, irin na lokacin Zuwan Almasihu, ban da zafi gare shi, zafi na dafa launin ya zauna. Ki kankare, ki danna da auduga da sifirit.

Abin da ya fi lalata kayan bagadi da damina shi ne a ƙulle su jiƙe a leda daga Lahadi zuwa Laraba. Baƙaƙen ɗigon fumfuna da ke fitowa sun fi kowane tabo taurin kai. In ba za ki wanke ranar ba, ki rataye su su sha iska. Da hunturu kuma ki kwashe shanya da wuri, kafin ƙura ta sauka.

Ki yi guga suna da ɗan danshi, lilin da ya bushe ƙarau ba ya miƙewa. Wurin ado ki kifa shi a kan tawul ki goge ta baya. In dutsen gawayi ne, ki shimfiɗa farin ƙyalle a tsakani saboda toka da tartsatsi. Kada ki sa wa furifiketa sitaci. Aikinsa tsotsewa ne, sitaci kuwa yana sa ruwa ya zame, ga shi yana jawo kyankyasai cikin akwati. Bula ma ki bar ta, tana barin zane-zane. Furifiketa ana ninka shi uku a tsawonsa, sannan biyu. Kofural kuwa, fuskarsa na sama, ki ninko na ƙasa, ki ninko na sama, sannan dama da hagu, ya ba da gida tara, kowane ninki yana rufewa ciki don ya tsare abin da ya faɗa masa.

Wanda kika ga ya yage ya wuce ɗinki, kada ya zama tsumman goge benci. Ki kai wa Fada ko katikis, a ƙone shi a binne tokar.

Ki gaida mamanki da yaran.