Harsashin da ya fi wakiltar tarihin harbi a Amurka

Malam, ka tambaya wane harsashi ne za a ɗaga a ce wannan shi ne Amurka a fagen bindiga. Ni dai .30-06 Springfield zan miƙa maka.

Sojan Amurka ya karɓe shi a 1906. Da shi suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya riƙe da bindigar M1903, a na Biyu da yaƙin Koriya kuma bindigar M1 Garand ce ke harba shi, wadda ake tura mata harsashi takwas a haɗe ta sama, idan sun ƙare ƙarfen da ke riƙe su ya yi tsalle waje da ƙara. Sojojin da suka dawo gida sun riga sun saba da shi, gwamnati kuma ta sayar da rarar bindigogin da araha, sai ya koma hannun mafarauta. Har yau da shi ake harbin barewa da manyan namun daji, duk da soja sun sauya zuwa harsashin 7.62 na ƙungiyar tsaro ta NATO tun shekarun 1950.

Wani zai ce ina ka bar .30-30 Winchester na 1895? Yana da hujja, don yana cikin harsasan farauta na farko a ƙasar masu albarushi mara hayaƙi, bindigarsa Model 1894 kuma an sayar da miliyoyinta. Amma bai taɓa zama harsashin rundunar sojan ƙasar ba, kuma ba ya cin nisa kamar .30-06.