Amsa ga mai son barin gida ga jikokinsa marayu

Alhaji, ka ce ɗanka ya riga ka rasuwa ya bar yara, kana son gidanka na Ƙofar Marusa ya zama nasu, kuma kana son ka ƙara wa autarka wani abu. Na sha zama wurin rabon gado a nan Katsina, kuma yanzu da kake da lafiya ne lokacin gyara wannan.

Jikokin nan, muddin kana da 'ya'ya maza a raye, ba su da gado. Baffanninsu sun katange su. Wasiyya ce ƙofarsu, ita kuma ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas. Sulusin ma sai an cire kuɗin jana'iza da bashi ake lissafa shi. To ka sa a yi wa gidan kuɗi. In ya haura sulusi, rarar tana hannun magada, in sun ga dama su bari, in sun ƙi babu mai tilasta su.

Autarka kuwa magajiya ce, kuma babu wasiyya ga magaji sai sauran sun amince. In kyauta za ka yi mata, yi yanzu ta karɓa ta riƙe. Kyautar baki da ba a damƙa ba har mutum ya rasu, gado take komawa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne shaidu. Na ga takardar wasiyya an ciro ta daga ƙasan akwati, a cikin leda tare da takardun fili, kowa ya yarda rubutun mamacin ne, amma bai kafa shaida ba. A mazhabar Malikiyya irin wannan ba a zartar da ita, don wataƙila ya sake shawara. Ranar yaran da aka yi wa wasiyyar suka tashi hannu wofi, uwarsu tana kuka a zaure.

Ka nemo adilai biyu waɗanda ba su da rabo a ciki, ka karanta musu wasiyyar da ka rubuta, su sa hannu, a sa kwanan wata. Ka ambaci gidan da maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa, kada ka tsaya a "gidana" kawai. Bashin da ake bin ka da wanda kake bi, har da ajiyar mutane, duk su shiga. Ka naɗa wasiyyi mai amana, wato wanda zai zartar da wasiyyar, kwafi ɗaya a hannunsa, ɗaya wurin lauya ko limaminku.

Sunan da ka bayar a banki na makusanci kuma ba wasiyya ba ne, kuɗin duka cikin dukiyar gado suke shiga. Allah ya ƙara lafiya, ya raya marayun.